Jemagu a Cikin Gida da Wajensa: A Kashe Su, A Kore Su, Ko A Ƙyale Su?

Duk lokacin da aka ba da labarin ɓullar cutar Marburg ko Ebola a wata ƙasa ta Afirka, kamar yadda ya faru a Ghana a 2022 da Ruwanda a 2024, hankalin jama'a kan koma kan jemagun da ke rataye a bishiyar ƙofar gida, da waɗanda ake jin motsinsu a cikin silin da daddare. Daga nan sai saƙonni su fara yawo a WhatsApp, wannan ya ce a sare bishiyar, wancan ya ce a zuba guba a rufin ɗaki. Tambayar da ke gaban mai gida ita ce: shin zama kusa da jemage haɗari ne ga iyali, kuma idan haɗari ne, wane mataki ne ke rage shi, wanne ne kuma ke ƙara shi? Amsar ta rataya ne a kan abubuwa uku, wato wane irin jemage ne, a ina yake kwana, kuma me mutum ya yi masa.

Jemagun ba iri ɗaya ba ne

A duniya akwai nau'in jemagu sama da 1,400, kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan na dukkan nau'o'in dabbobi masu shayarwa, kuma a Nijeriya kaɗai masana sun ƙidaya kimanin 100. Duk da tatsuniyar da ta bar shi a tsakiya, tsuntsaye su ƙi shi dabbobi su ƙi shi, jemage dabba ce mai gashi da ke haihuwa tana shayar da nono. Ga mai gida, ya isa ya iya bambance kashi biyu.

Kashi na farko su ne manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, masu dogon baki da manyan idanu, waɗanda yawancinsu ke kwana a rassan bishiya. Mafi shahara a cikinsu shi ne mai ruwan ɗorawa a wuya da kafaɗu, wanda faɗin fikafikansa kan kai kusan santimita 80. Shi ne ake gani dubbai a bishiyoyin da ke kewaye da asibitin soja na 37 a Accra, da gidan namun daji na Kumasi, da harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, kuma shi ne ke taruwa miliyoyi a dajin Kasanka na ƙasar Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba a kowace shekara. Yana da ɗan'uwa ƙarami mai farin gashi a kafaɗa, wanda namijinsa kan zauna a bishiyar mangwaro ko darbejiya yana maimaita ƙara guda har tsakar dare.

Kashi na biyu su ne ƙanana masu cin ƙwari, birbiri ke nan, waɗanda yawancinsu ba su wuce giram 10 zuwa 30 ba. Su ne ke shiga silin da tsagar bango da kogon itace. Suna fitar da wata siririyar ƙara wadda mafi yawanta kunnen mutum ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarta, ta haka suke gane inda ƙwaro yake a cikin duhu.

Akwai maganganu uku da ya kamata a ajiye tun a nan. Jemage ba makaho ba ne, manyan ma da ido da hanci suke neman abinci. Jemagu masu shan jini nau'i uku ne kacal, kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa Ajantina, babu ko ɗaya a Afirka. Sannan maganar cewa jemage ta baki yake bayan gida ta samo asali ne daga yadda yake cin abinci: yakan matse ɗan itace a bakinsa ya haɗiye ruwan, ya tofar da tuƙar, ita ce ake tsinta a gindin bishiya da safe.

Me ya kawo su cikin gidajenmu?

Mu muka gina musu masauki. Kafin yaɗuwar kwano, birbiri a kogon kuka da tsagar duwatsu ya fi zama, ko da yake yakan raɓa da tsofaffin soraye da rumbuna. Rufin kwano mai silin ya samar masa da abin da ya fi kogon itace: wuri mai duhu da ɗumi, wanda mage da shaho ba sa kaiwa. Wasu nau'o'in suna jure zafin da ya haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano, kuma ɗumin yana taimaka wa 'ya'yansu su girma da wuri. Ƙofar shiga kuwa ba ta da wuyar samu, domin tazarar da ba ta kai santimita biyu ba tsakanin bango da kwano ta ishe su. Ga kuma fitilar tsakar gida da ke tara musu ƙwari kyauta.

Manyan kuwa bishiyoyi suke bi. Yayin da ake sare dazuzzuka don itacen girki da gawayi da noma, manyan bishiyoyin da suka rage sukan zama na cikin gari, a asibitoci da makarantu da tsofaffin unguwannin ma'aikata, shi ya sa ake ganin kamar jemagu sun ƙaru alhali matsuwa suka yi. Mai ruwan ɗorawar nan matafiyi ne, yakan bi damina ya hauro arewa daga kurmi idan itatuwa suka fara 'ya'ya, ya koma idan sun ƙare. Sau da yawa taron da ya tayar wa unguwa da hankali yakan watse da kansa bayan 'yan watanni.

Batun cuta: abin da aka tabbatar da abin da ake zato

Ba daidai ba ne a ce jemagu ba su ɗauke da ƙwayoyin cuta. Suna ɗauke da su, wasu ma masu kisa. Abin dubawa shi ne hanyar da ƙwayar ke bi ta kai ga mutum.

Marburg ita ce wadda aka fi samun tabbaci a kanta. An fara gano ta a 1967 a Jamus, a jikin ma'aikatan ɗakin bincike da suka yi aiki da birai da aka kawo daga Yuganda, daga baya aka tabbatar cewa ma'ajiyarta wani jemage ne mai cin 'ya'yan itace da ke zama a kogon dutse da ramukan haƙar ma'adinai. Wannan nau'in ba ya kwana a silin, ba kuma shi ne ke rataye a bishiyar ƙofar gida ba. Galibin waɗanda suka fara kamuwa masu shiga kogo ne da masu haƙar ma'adinai, kuma ɓullar da aka yi a Ruwanda a 2024, wadda ta kama mutum 66 ta kashe 15, an danganta farkonta da wani ramin haƙar ma'adinai mai jemagu. Daga mutum na farko kuwa, cutar tana yaɗuwa ne tsakanin mutane ta jini da sauran ruwan jiki.

Ebola ba ta kai Marburg tabbaci ba. Annobar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 ta kashe fiye da 11,000, ta faro ne daga ƙauyen Meliandou a ƙasar Gini a Disambar 2013. Masu bincike sun yi zaton yaron da ya fara kamuwa ya yi wasa a kogon wata bishiya mai cike da ƙananan jemagu, amma har yau zato ne mai ƙarfi, ba hujja yankakkiya ba. Ya kamata a tuna cewa Ebolar da ta shigo Legas a Yulin 2014, ta kama mutum 20 ta kashe takwas, matafiyi ne ya kawo ta a jirgin sama daga Laberiya. A wancan lokacin jita-jitar wanka da ruwan gishiri da shan sa ta kwantar da mutane a asibiti, har da asarar rai, jemagun ƙasar kuwa ba su kama kowa da komai ba. A ɗaya gefen, a 2018 an sanar da gano wata ƙwayar cuta 'yar dangin Ebola a Saliyo, aka raɗa mata sunan yankin Bombali, kuma a jikin ƙananan jemagu masu kwana a rufin gidajen mutane aka same ta. Ba a samu wanda ta sa wa rashin lafiya ba, amma samun ta a nan ya isa dalilin da zai sa kada a yarda a haɗa rufi da jemagu.

Sai dangin ciwon haukan kare. A 1956 aka gano wata ƙwayar cuta ta wannan dangi a jikin jemage a tsibirin Legas, har yau da sunan birnin ake kiran ta, kuma ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba. Wata 'yar'uwarta da aka gano a Afirka ta Kudu a 1970 ta kashe mutane ƙalilan bayan cizo ko yagushin jemage. Don a ajiye abin a ma'auninsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon haukan kare daga kare suke samun sa, kuma ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara. Gidan da ke fargabar jemage amma karensa ba shi da riga-kafi ya bar babban haɗari ya kama ƙarami.

Akwai wata cutar da ba a cika ambata ba, alhali ta fi kusa da mai gida. Tarin kashin jemage da ya daɗe a wuri mai laima yana iya raya wata funfuna wadda, idan aka shaƙi ƙurarta, takan kama huhu, kuma ta fi tsanani ga masu raunin garkuwar jiki. An taɓa gano irinta a kogon Ogbunike da ke jihar Anambra. Cutar Nipah kuma, wadda ta kashe fiye da mutum 100 a Malesiya a 1998 da 1999, ta nuna wata hanyar: aladu sun ci ragowar 'ya'yan itacen da jemagu suka gatsa, daga aladu ta kai ga masu kiwo. A Bangaladash ta ɗanyen ruwan itacen dabino da jemagu suka lasa take bi. Zazzaɓin Lasa kuwa, wanda yake kashe 'yan Nijeriya kowane rani, na ɓera ne, babu ruwan jemage a ciki.

Idan aka haɗa waɗannan, hanyoyin kamuwa ƙididdigaggu ne: cizo ko yagushi, taɓa jini wajen yanka da fiɗa, cin abin da yawu ko fitsarinsu ya taɓa, da shaƙar ƙurar kashinsu a rufaffen wuri. Jemagen da ya gifta ta saman tsakar gida da magariba ba ya cikin wannan jeri.

Dalilin da ya sa kisa ba ya magance matsalar

Kusan duk hanyoyin nan ta taɓawa suke, kuma babu lokacin da mutum ya fi taɓa jemage kamar lokacin da yake kashe shi. Wanda ya harbo shi da danƙo zai ɗauka da hannu, wanda ya zuba guba zai wayi gari da jemagu masu magagi a ƙasa inda yara da kyanwa za su tsince su. Mafarauta ne suka fi kowa shiga haɗari: wani bincike da aka buga a 2011 ya ƙiyasta cewa ana sayar da jemagu kimanin 128,000 a shekara a kudancin Ghana don ci, a Idanre ta jihar Ondo kuma akwai bikin da maza ke shiga kogo su kamo su.

Abin da ya faru a ramin ma'adinai na Kitaka a Yuganda ya cancanci a tsaya a kansa. A 2007 Marburg ta kama wasu mahaƙa a wurin, a 2008 sai aka toshe ramin aka hallaka jemagun. Cikin 'yan shekaru wasu jemagun suka dawo suka cika wurin, da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da ƙwayar cutar sun kai kusan kashi 13 cikin 100, alhali kafin kisan kusan kashi 5 ne. Bayanin da masana suka bayar shi ne, sabon taron ya cika da waɗanda jikinsu bai taɓa haɗuwa da cutar ba, don haka ta yi saurin kama su. A 2012 cutar ta sake ɓulla a garin Ibanda da ke kusa. An kashe dubbai, haɗarin ya ninka.

Masu lambu ma suna da darasi daga tsibirin Mauritius, inda gwamnati ta fara kashe manyan jemagu a 2015 don kare mangwaro da wasu 'ya'yan itace. An kashe dubun-dubata, nau'in ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa, amma manoma ba su ga ƙarin amfanin da aka yi musu alkawari ba, domin iska da tsuntsaye da nunar da ta wuce kima suna da nasu kason a asarar. Abin da ya yi aiki shi ne rage tsawon bishiya da lulluɓe ta da raga.

Gubar kanta wata musiba ce. Fiya-fiya da ƙwayar da ake sa wa a buhun hatsi, idan aka zuba su a silin, tururinsu ƙasa yake saukowa inda iyali ke barci, kuma ƙwayar hatsin tana iya kashe mutum a rufaffen ɗaki. Turara hayaƙin taya ko barkono a rufin da aka yi da katako kuwa neman gobara ne.

Abin da ake rasawa idan babu su

Ɗorawa tana fitar da jajayen furanninta masu kama da tuntu da rani, suna zubar da ruwan zaƙi da daddare, kuma tun a shekarun 1950 masu bincike a Ghana suka nuna cewa jemagu na cikin manyan masu kai garin furen daga bishiya zuwa bishiya, ƙudan zuma su ɗora da safe. Kalwar da ake yin daddawa da ita daga nan take. Farin furen kuka da magariba yake buɗewa, washegari ya yanƙwane, kuma jemagu ne manyan baƙinsa a wannan dare. Haka rimi. Suna ɗaukar 'ya'yan kaɗanya da ɓaure su yar da irin a nesa, kuma binciken da aka yi a Ghana da na'urar bin sawu ya nuna mai ruwan ɗorawar nan yana iya kai ƙananan iri nisan da ya kai kilomita 75. A ƙasar da hamada ke matsowa, samun mai shuka itace ba tare da albashi ba ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a lokaci guda, don haka taron da aka karkashe yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Birbiri kuma yana cin ƙwari masu tashi da daddare, ciki har da waɗanda tsutsarsu ke ɓata amfanin gona. Wani nazari da aka buga a 2011 ya ƙiyasta cewa wannan aiki yana rage wa manoman Amurka asarar aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara. Amma masu kare jemagu su ma sukan yi ƙari, musamman a batun sauro. Jemage yana cin sauro, sai dai ba shi ne mafi yawan abincinsa ba, kuma babu wanda ya isa ya ajiye gidan sauro don yana da birbiri kusa da gidansa.

Ga masu ɗaukar sa a matsayin abin camfi, abin lura ne cewa a tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu kowane azumi, an bayyana cewa tsuntsun da Annabi Isa (AS) ya siffanta da yumɓu ya tashi da izinin Allah jemage ne.

Masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu

Mai sha'awar namun daji da ke zaune a gida mai rufin kankare ba zai gane halin da malamin firamare ke ciki ba, wanda ajinsa ke warin fitsarin jemage har yara ba sa iya zama. Kashinsu yakan taru har silin ya jiƙe ya rufto, yakan ɓata ruwan da ake tara daga indararo, kuma suna da wani ƙwaro ɗan'uwan kuɗin cizo da kan sauko ɗaki. Wannan cutarwa ce ta gaske. A ganina hukuncin a bayyane yake: jemagen bishiya maƙwabci ne da za a iya haƙuri da shi, na cikin silin kuwa dole ya fita, amma da ransa.

Yadda ake fitar da su, da abin yi idan an yi cizo

A fara da tsayawa a waje da magariba a ga ta inda suke fitowa, domin sau da yawa ƙofa ɗaya ko biyu ce babba. A toshe sauran ƙananan ramukan da siminti ko ragar waya. A babbar ƙofar kuma a rataya ragar sauro a kafe ta daga sama da gefe biyu, a bar ƙasanta a sake ta sauko kamar rabin mita, yadda za su iya zamewa su fita amma idan sun dawo ba za su gane hanya ba. Bayan kamar mako guda, idan motsi ya ɗauke, sai a toshe gaba ɗaya. Kada a yi wannan aiki lokacin da suke da jarirai, wanda galibi yakan zo da damina, domin 'ya'yan da ba su iya tashi ba za su mutu a ciki su cika gidan da ɗoyi, iyayen kuma su riƙa kutsawa ɗakuna suna neman hanya. Mai sabon gini ya sa kafinta ya rufe tazarar bango da kwano da raga tun farko, kuɗinsa bai kai na sauya silin ba.

Wajen kwashe kashin, a yayyafa masa ruwa tukuna don kada ƙura ta tashi, a sa takunkumi da safar hannu, kuma kada a sa yara ko mai ciki ko marar lafiya. Taki ne mai kyau ga lambu idan aka binne shi a ƙasa. A bishiyar da ke kusa da gida kuwa, a rufe rijiya da randa da tanki, kada a shanya hatsi ko a ɗaure dabbobi a daidai inda suke kwana, a wanke 'ya'yan itace kafin a ci, wanda aka ga alamar gatsa a jikinsa kuma a binne shi, kada a ba yara ko awaki.

Idan jemage ya shigo ɗaki, a buɗe taga da ƙofa, a fitar da yara, a ba shi lokaci, zai fita. Wanda aka tarar a ƙasa da rana, mai yiwuwa ba shi da lafiya, shi ne kuma yara suka fi saurin ɗauka, don haka a kife shi da kwali a tura wani abu mai faɗi ta ƙasa a kai shi nesa, ba tare da hannu ya taɓa shi ba. Idan ya ciji mutum ko ya yagushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar a faɗa wa likita cewa jemage ne, domin a duba batun allurar riga-kafin haukan kare. Haƙoran birbiri ƙanana ne ƙwarai, ciwon yana iya zama ɗigo biyu da ba su ko fitar da jini ba, amma ƙanƙantarsa ba ta rage buƙatar allurar, kuma allurar tana aiki ne kawai idan an yi ta kafin alamun ciwon su bayyana.